Dusar giya da ƙasar da mai ya ɓata: ciyar da ƙananan halittu domin su yi aikin tsabtacewa

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana wata dabara da masana ƙasa suka yi ta gwadawa, musamman daga wajen shekarar 2010: zuba dusar da ke fita daga masana'antun giya a cikin ƙasar da mai ya gurɓata, domin a maido mata da rai. Wanda ya fara jin maganar yakan zaci dusar tana tsotse man ne kamar yadda toka ke tsotse maiƙo a akushi. Ba haka abin yake ba. Dusar ba ta wanke komi. Abinci ce da ake bai wa waɗansu ƙananan halittu da ke zaune cikin ƙasar tun fil'azal, su kuma su cinye man. Idan aka riƙe wannan magana, za a gane inda dabarar ke aiki, za a kuma gane inda ba ta da abin da za ta iya.

Sai mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da ake kira «drèches» da Faransanci, mu za mu kira shi dusar giya, ko da yake ba daidai take da dusar surfe ba, kamar yadda za a gani a gaba. Halittun da ido ba ya gani kuwa, an saba kiran su ƙwayoyin cuta, sabili da ta bakin ma'aikatan kiwon lafiya labarinsu ya fara iso mana. Sunan ba zai yi mana aiki a nan ba, domin galibinsu ba sa sa wa kowa cuta. Su ne ke mai da kashin shanu taki, su ne ke mai da madara nono. Za mu ce ƙananan halittu, ko bakteri inda ake nufin wannan jinsi kaɗai.

2. Abin da mai ke yi wa ƙasa

Ɗanyen mai da abubuwan da ake tacewa daga gare shi, wato fetur, kananzir, gazuwal da baƙin mai na injin mota, duka an gina su ne da sinadarai biyu: karbon da idrojen. Karbon shi ne mafi rinjaye, wajen kashi 85 bisa 100 na nauyin man. Waɗansu ƙwayoyin man gajeru ne masu sauƙi, da an bar su a rana sai su bi iska. Waɗansu dogaye ne kamar igiya. Waɗansu kuma a murɗe suke kamar zobba da aka sarƙa, waɗannan su ne masu taurin kai, a cikinsu ne kuma ake samun masu haddasa ciwon daji.

In mai ya zuba a ƙasa, ɓarna biyu yake yi. Ta farko, yana lulluɓe ƙwayoyin rairayi da na laka, ya toshe ƙananan ƙofofin da iska da ruwa ke bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gareji bayan an yi ruwa ya ga yadda ruwan ke kwanciya bisa baƙar ƙasar nan, ya ƙi nutsewa. Ta biyu ba a ganin ta da ido, amma ita ce ta fi shafar batunmu. A kusan kowace ƙasa akwai bakteri masu iya cin mai, irin su Pseudomonas, Acinetobacter, Rhodococcus da Bacillus, tare da waɗansu nau'o'in fumfuna. Kafin zubar man ba su da yawa. Da man ya zo, abinci ya samu, sai su fara hayayyafa. To amma jikin halitta ba da karbon kaɗai ake gina shi ba, yana buƙatar azot da fosfor, waɗanda manomi ya sani a buhun takin zamani. Ƙa'idar da masana suka saba aiki da ita ita ce, kowane karbon 100 yana son azot 10 da fosfor 1. Man ya kawo karbon jingim, bai kawo azot ba. Cikin ɗan lokaci halittun sun cinye ɗan azot ɗin da ke ƙasar, sai aiki ya tsaya. Ga tuwo tuli, ba miya. Shuka ma da za ta fito a wurin ta rasa azot ɗin da za ta sha, shi ya sa irin wannan wuri kan daɗe ƙeƙashe.

Akwai kuma iskar oksijen. Kafin bakteri su narkar da kilo guda na mai har ya koma ruwa da iskar karbon, suna shan wajen kilo 3 na oksijen. Ƙasar da mai ya toshe ba ta da hanyar ba su wannan.

Tunanin a bai wa waɗannan halittu taki ya girmi batun dusa. A ranar 24 ga Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska ta ƙasar Amurka, ya zubar da wajen tan 37 000 na ɗanyen mai. Cikin hanyoyin da aka bi har da yayyafa taki a fiye da kilomita 100 na gaɓar teku, ciki har da wani mai suna Inipol EAP 22 na kamfanin Faransa Elf Aquitaine, an kuma ga narkewar man ta yi sauri a inda aka zuba shi. Tun daga lokacin dabarar ta samu karɓuwa. Sai dai taki irin wannan yana da tsada, takin zamani na noma kuma ruwa na saurin wanke shi. Wannan ya sa aka shiga neman abin da ke da azot, yake da araha, yake kuma sakin sa a hankali: kashin kaji, kashin shanu, ɓawon ayaba, da dusar giya.

3. Dusar ita kanta

A masana'anta, ana jiƙa hatsi, galibi sha'ir, har ya yi tsiro, a shanya shi, a ɓarza, sannan a dama shi da ruwan zafi. A nan ne garin da ke cikin ƙwayar ke juyewa ya zama suga, ya narke cikin ruwan. Sai a tace. Ruwan zaƙin shi ake dafawa, a sa masa yis ya zama giya. Abin da ya rage a matata shi ne dusar. Mu lura da cewa ana fitar da ita ne tun kafin a sa yis, ke nan ba ta ɗauke da abin da ke sa maye. Wannan bayani ne na yadda aikin yake, ba hukunci ba ne, hukunci na malamai ne.

Bambancinta da dusar surfe shi ne, wannan an dafa ta, an kuma zare mata gari. Da garin ya fita, sai rabon sauran abubuwan ya ƙaru: in an busar da ita, wajen kashi 20 bisa 100 furotin ne, akasarin ragowar kuma ƙaiƙayi da zare-zaren ɓawo. A cikin furotin ɗin ne azot yake. Yawanta ma abin lura ne: kowace lita 100 ta giya tana barin wajen kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, ita ce kuma kusan kashi 85 bisa 100 na dukan sharar masana'antar. Tana fitowa da ruwa kashi 75 zuwa 80 bisa 100, saboda haka a ƙasa mai zafi cikin kwana biyu ko uku ta yi tsami ta fara ruɓa. Masana'anta kullum neman mai kwashe ta take yi.

Ba ko'ina ba ne dusar sha'ir ce. A Nijeriya gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya suka koma ga dawa da masara, dawa kuma ta samu wurin zama a sana'ar tun daga lokacin. Saboda haka wani kaso na dusar giyar Nijeriya dusar dawa ce, ƴar'uwar wadda masu burukutu ke bai wa dabbobi.

In aka cuɗa ta da ƙasar da mai ya ɓata, aiki uku take yi lokaci guda. Tana ba da azot da fosfor, ba gaba ɗaya ba, sai gwargwadon yadda take ruɓewa. Ƙaiƙayinta yana buɗa ƙasar, iska ta samu hanya, ya kuma riƙe laima kamar soso. Sannan ita kanta tana zuwa da nata ƙananan halittun, waɗanda ke ƙaruwa a kan na gida. A ganinmu aiki na biyu bai gaza na farko muhimmanci ba, kuma shi ne abin da buhun takin zamani ba zai taɓa yi ba.

Ga ɗan lissafi domin a ga ko azot ɗin ya isa. A ɗauki tan guda na ƙasa mai ɗauke da mai kilo 50. Karbon ɗin da ke ciki zai kai kilo 42, wanda bisa ƙa'idar da muka ambata yake son azot wajen kilo 4. Busasshiyar dusa kilo 100 tana da furotin wajen kilo 20, azot kuma kashi ɗaya ne cikin shida da ɗan ɗori na furotin, wato kilo 3 da ƴan kai. An kusa kai wa ga buƙata ke nan. Amma in jiƙaƙƙiya ce kilo 100, abin da za a samu bai kai kilo guda ba. Duk mai karanta sakamakon wani gwaji ya kamata ya fara tambaya: da wace dusa aka auna, busasshiya ko jiƙaƙƙiya?

4. Gwaje-gwajen Kuwala Lumfur

Aikin da aka fi ambata a wannan fanni an yi shi ne a Jami'ar Malaya da ke Kuwala Lumfur, a ƙasar Maleziya, inda wani masani ɗan Nijeriya, Peter Abioye, ya yi bincike tare da P. Agamuthu da A. Abdul Aziz. A sakamakon da suka buga a 2012, sun gurɓata ƙasa da tsohon baƙin mai a mataki biyu, kashi 5 da kashi 15 bisa 100 na nauyinta. Suka kasa ta, suka cuɗa wani kason da dusar giya, wani da ɓawon ayaba, wani da tsohon takin da aka noma naman kaza a kansa, kowanne kashi 10 bisa 100. Suka bi ta har kwana 84. Dusar giya ce ta zo kan gaba: a ƙasa mai kashi 5, kashi 92 bisa 100 na man ya narke. A mai kashi 15 kuwa, da dusa iri ɗaya da kwanaki iri ɗaya, kashi 55 kawai aka samu.

Adadi na farko shi ake yawan kawowa, amma na biyu ya fi koyarwa. Dusar ba ta canja ba. Man ne ya yi yawa har ya zama guba ga masu cin sa, ya kuma hana su iska. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf da mai, sai an fara kwashe na kwashewa, ko a sirka ta da ƙasa mai kyau, kafin a yi zancen ciyarwa.

A wani gwajin da suka buga a 2010, sun haɗa dusar da shuka. Sun dasa bini-da-zugu, itacen nan da ake shinge da shi, a ƙasa mai ɗauke da baƙin mai kashi 1 da kashi 2,5 bisa 100, suka jira kwana 180. Inda aka bar itacen shi kaɗai, man ya ragu da kashi 67,3 da kashi 56,6. Inda aka ƙara dusa, ya ragu da kashi 96,6 da kashi 89,6. Itacen ba shan man yake ba. Saiwoyinsa ne ke huda ƙasa su kai iska, suna kuma zubo wani ruwa mai zaƙi da ke tara bakteri a kewayensu.

Irin waɗannan alƙaluma suna buƙatar taka-tsantsan wajen karatu. Man da aka rasa a awo ba duka ne aka cinye ba: wani ya bi iska, wani ya maƙale a jikin ƙaiƙayin har maganin awo ya kasa fiddo shi. Shi ya sa gwaji na ƙwarai yakan ajiye wani kaso da aka kashe halittun cikinsa da guba, domin a san abin da rana da iska suka ɗauka ba da taimakon kowa ba. Kuma tun da manufa ita ce ƙasa ta sake yin amfani, akan shuka irin salati a ciki a ƙirga nawa suka tsiro. Ƙwayar salati ba ta jure guba, ba ta kuma san son rai ba. Bayan haka, duka waɗannan gwaje-gwaje a cikin tukwane aka yi su, da ƙasa ƴan kilo kaɗan, ana juya ta ana yayyafa mata ruwa a kai a kai. Tsakanin tukunya da fili akwai tafiya.

5. Inda dabarar ke tsayawa

Ƙasar Ogoni, a jihar Ribas ta kudancin Nijeriya, ita ce misalin da ya fi nuna iyakar wannan hanya. An haƙi mai a can daga ƙarshen shekarun 1950 har 1993, lokacin da kamfanin Shell ya dakatar da haƙa, amma bututai suka ci gaba da ratsa yankin suna yoyo. A watan Agusta 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta. A wurare 49 ta tarar da mai ya nutse aƙalla mita 5 cikin ƙasa. A Nisisioken Ogale, ruwan rijiyoyin da mutane ke sha yana ɗauke da sinadarin benzen fiye da sau 900 na abin da hukumar lafiya ta duniya ta yarda da shi, an kuma samu tataccen mai kauri santimita 8 yana yawo bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin yankin ya farfaɗo, ya nemi a ware dala miliyon 1000 domin somawa. An ƙaddamar da aikin a Bodo a watan Yuni 2016.

Abin da ya shafe mu a rahoton shi ne sukar da ya yi wa hanyar da aka daɗe ana bi a yankin, wato a kafce saman ƙasa, a zuba taki, a bar wa bakteri sauran aiki. An gina hanyar ne bisa zaton cewa akwai laka a ƙarƙashi da ke tare man, binciken kuwa ya nuna zaton bai tabbata ba. Sama ta yi kyau har ciyawa ta fito, ƙasa kuma man na nan yana gangarawa ruwa. Dusar giya ba za ta sauya wannan ba, domin ita ma iyakarta inda garma ta kai. Abin da ya wuce nan sai an tono shi, an jibge shi bisa shimfiɗar da ba ta yoyo, sannan a cuɗa shi da dusa a riƙa juyawa kamar yadda ake yin takin rami.

Akwai kuma abin da bakteri ba sa ci ko an kawo musu. Masu zobba huɗu ko fiye suna ɗaukar shekaru, ɓangaren da ke kama da kwalta kusan ba ya taɓuwa. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da dalma da tutiya da waɗansu ƙarafa da ya gogo daga injin. Ƙarfe ba ya ruɓa, yana nan bayan man ya tafi. Saboda haka wurin da aka gyara ta wannan hanya ya dace da itacen inuwa ko na shinge, ba da lambun kayan miya ba, sai an auna. Yawan dusar ma illa ne: in ta yi yawa halittun sukan koma kanta su ƙyale man, tun da ta fi sauƙin ci, ta kuma shanye oksijen ɗin wurin har ya yi ɗoyi.

Sai batun dako. Hekta guda, zurfin santimita 30, ƙasa ce wajen tan 4500. Kashi 10 bisa 100 na wannan tan 450 ne, wato dusar lita miliyon 2 da dubu 250 na giya, in jiƙaƙƙiya ake nufi. Kashi uku cikin huɗu na kayan da motocin za su ɗauka ruwa ne, kayan kuma yana ruɓa a hanya. Masana'antun suna birane, malalar mai kuwa galibi a daji ko a fadama take aukuwa.

6. Dangance da Nijar

Tambayar ta shafe mu tun watan Nuwamba 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20 000 a rana daga rijiyoyin Agadem. Ta ƙara kusantowa da bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun ƙasar Binin, mai tsawon kusan kilomita 2000, wanda ya ratsa ƙasar noma ta kudu, aka kuma yi lodin jirgin farko a watan Mayu 2024. Sai dai gurɓatar da ta fi yawa a garuruwanmu ta girmi bututu: baƙin man da ake juyewa a gareji, a tasha, a wurin injin niƙa da na ban-ruwa, da feturin kwalba da ke ɗiga a bakin hanya. Wurare ne ƙanana, man bai cika zurfi ba, hannu da shebur sun isa juya su. Su ne suka fi kama da tukwanen Kuwala Lumfur.

Dusar giya kuwa ba mu da ita da yawa, wadda ake samu ma masu kiwo na jiran ta. A ƙasar da ake sayen dusar gero da kuɗi domin ragon layya, da wuya a ga mai binne abincin dabba a bayan gareji, mu ma ba za mu ba shi wannan shawara ba. Amma tun da azot, iska da laima ne abin nema, akwai abin da zai tsaya a madadinta: kashin kaji ko na shanu ya ba da azot, ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ya buɗa ƙasa. An gwada kashin kaji da na shanu a irin wannan aiki a jami'o'in Nijeriya, sun kuma taimaka.

Babban cikas a nan shi ne ruwa. Bakteri masu cin mai suna son zafi matsakaici, wajen digiri 30 zuwa 40, da ƙasa mai laima wadda ba ta yi caɓi ba. A watan Afrilu saman ƙasa a Tawa ko Damagaram yakan wuce wannan zafi, ya kuma bushe ƙurmus, aikin ya tsaya cak. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ta yi daidai da kwana 84 ɗin gwajin, sai dai a jigawa ruwan sama kan tura mai ƙasa, zuwa ga rijiyoyin da ba su da zurfi. Wanda zai gwada sai ya tono baƙar ƙasar tun da bazara, ya jibge ta bisa daɓen siminti ko leda mai kauri, ya yi mata ɗan gefe domin kada ruwan ya gudu, tudun kada ya wuce gwiwa, ya rufe shi da kara, ya riƙa juyawa kowane mako. In damina ta ɗauke, ya ɗebi kaɗan a gwangwani ya shuka salati, ya shuka wani a ƙasar lambu a gefensa, ya ƙirga.